Idan DNA na lalacewa kullum, me ya sa ba kowa ke kamuwa da kansa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya a Gombe. An koya mana cewa lalacewar DNA ce ke haddasa kansa, an kuma ce DNA ɗin kowa yana lalacewa kowace rana. To me ya sa ba kowa ke kamuwa ba? Sannan ina ganin ana tura masu kansa a yi musu gashi, wato a haska musu wani haske mai ƙarfi, alhali an ce shi ma gashin lalata DNA yake yi. Ta yaya abin da ke jawo cuta zai zama maganinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Abin da aka koya miki daidai ne, sai dai akwai wani mataki tsakanin lalacewar DNA da kansa wanda darasin aji kan wuce da sauri, kuma a wannan matakin amsar tambayoyinki biyu take. Haɗarin yana tasowa ne idan ƙwayar halitta ta kwafi DNA ɗinta ta rabu biyu alhali raunin yana nan ba a gyara ba. Saboda haka a jikin mai rai gyara da izinin rabuwa a ɗaure suke da juna: ƙwayar da DNA ɗinta ya samu rauni tana dakatawa, idan ta gyara sai ta ci gaba, idan ta kasa sai ta daina rabuwa har abada ko ta kashe kanta.

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinki, ban da jajayen ƙwayoyin jini, akwai DNA da zai kai tsawon mita 2 idan aka warware shi, an naɗe shi cikin kuromozom 46, rabi daga uwa rabi daga uba. Zare biyu ne a murɗe da juna, kuma saƙon da ke jikinsu da haruffa 4 kacal aka rubuta shi, wato A da T da G da C, inda A ke fuskantar T a ɗaya zaren, G kuma ke fuskantar C. Kowane rabi na gadon yana ɗauke da irin waɗannan haruffa masu fuskantar juna kimanin biliyan 3. A shekarun 1970 Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa ko babu guba babu zafin rana, ruwa da ɗumin jiki kaɗai sun isa su sa haruffa kusan 10,000 su ɓalle daga DNA ɗin ƙwaya guda a kowace rana. Ki ƙara da ɓarnar da ɓurɓushin iskar oksijin ke yi yayin da ƙwaya ke ƙona abinci, da kuskuren da ake yi wajen kwafi, sai ki ga yawancin raunin daga cikin jiki yake fitowa.

Wajibi ne a nan a rarrabe rauni da sauyin gado, domin ɗalibai da yawa kan haɗa su. Ki ɗauki misalin mai kwafar littafi da hannu. Idan tawada ta zube a kan wani harafi, duk mai dubawa zai ga wurin ya ɓaci, kuma za a iya komawa ga wani kwafi a gyara. Amma idan mai kwafar ya zo kan harafin da ya ɓaci ya yi hasashe, ya rubuta wani harafi daban da kyakkyawan rubutu, to babu sauran alamar ɓaci, kuma duk wanda ya kwafa daga gare shi kuskuren zai ɗauka. Rauni shi ne zubewar tawadar: sinadarin ya canza siffa, furotin masu sintiri a jikin DNA suna iya gano shi. Sauyin gado kuwa harafi ne lafiyayye a wurin da ba nasa ba, kuma ƙwaya ba ta da hanyar sanin cewa kuskure ne. Cutar sikila, wadda babu unguwar da ba a san ta ba a Gombe da Bauchi, sauyin harafi ɗaya ce tak a umarnin ƙera sinadarin jan jini, kuma jiki ba ya gyara ta domin a wurinsa rubutun daidai yake. Kwafi ne ke mayar da rauni sauyi na dindindin, shi ya sa lokacin da ke gaban kwafi da gaban rabuwa ya fi kowane lokaci muhimmanci.

Hanyoyin gyaran suna da yawa, amma mafi yawansu dabara ɗaya suke bi: a yanke wurin da ya lalace, a dubi zaren da ke fuskantarsa, a sake rubutawa. Lindahl ya gano hanyar cire harafi guda da ya ɓaci, Aziz Sancar ɗan asalin Turkiyya ya fayyace yadda ake yanke ɗan guntun zare idan hasken rana ya manne haruffa biyu maƙwabta, Paul Modrich kuma ya bayyana yadda ake bin bayan kwafi ana tsince haruffan da aka saka ba daidai ba. Su ukun suka raba lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2015. Da taimakon wannan bitar, kuskuren da ke tsira bayan kwafi bai wuce kimanin harafi ɗaya cikin biliyan ba. Akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da XP, inda hanyar gyaran ɓarnar rana ba ta aiki, kuma yaran da ke da ita kan kamu da kansar fata tun suna ƙanana. Lamarin zabiya daban ne: gyaran nasu lafiya lau yake, abin da suka rasa shi ne sinadarin baƙin fata da ke tare hasken, don haka ɓarnar kan yi wa gyaran yawa. Wannan ne ya sa hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya daga rana suke magani na gaske a wurinsu.

Rauni mafi muni shi ne zaren biyu su tsinke a wuri guda, domin a nan babu zaren da ya rage da za a duba. Ƙwaya tana da mafita biyu. Ta farko ita ce ta kamo bakin nan da bakin can ta liƙe, wanda yake da sauri amma sau da yawa akan rasa 'yan haruffa, wani lokaci ma a liƙa guntun wani kuromozom a jikin wani. Ta biyu ita ce ta nemo tagwayen kuromozom ɗin da aka riga aka kwafa ta karanto abin da ya ɓace daga jikinsa, kuma wannan gyara ne mai tsabta, sai dai ba ya yiwuwa sai bayan an yi kwafi. Furotin BRCA1 da BRCA2, waɗanda kike jin sunansu a zancen kansar mama ta gado, ma'aikatan wannan hanya ta biyu ne.

Gyara yana buƙatar lokaci, kuma lokacin ba ya samuwa sai an tsayar da rabuwa. Ƙwayar da ke rabuwa tana bin zango 4: G1 inda take girma, S inda take kwafar DNA, G2 inda take shiri, da M inda take raba kuromozom ɗin gida biyu. A ɗakin gwaji ƙwayar ɗan Adam kan kammala zagayen cikin kimanin awa 24, zangon M kuwa kusan awa ɗaya kawai yake ci. Abin da ke tura ta daga zango zuwa zango wasu furotin ne da ake kira CDK, waɗanda ba sa aiki sai sun haɗu da abokan aikinsu da ake kira saikilin, su kuma saikilin taruwa suke yi sannan a rushe su a kowane zagaye. Tim Hunt ya gano saikilin a 1982 a cikin ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, Paul Nurse kuma ya nuna a 1987 cewa CDK ɗin ɗan Adam zai iya maye gurbin na yis ya yi aiki, abin da ya tabbatar da cewa tsarin tsoho ne ƙwarai kuma iri ɗaya ne a halittu masu nisa da juna.

Gwajin da a ganina ya fi kowane amsa tambayarki shi ne wanda Ted Weinert da Leland Hartwell suka wallafa a 1988. Sun haska wa ƙwayoyin yis hasken da ke tsinka DNA, sai lafiyayyun suka tsaya cak a G2 na wasu awoyi, suka gyara, suka ci gaba da rayuwa. Waɗanda aka lalata musu wani umarnin gado mai suna RAD9 kuwa ba su tsaya ba, suka rabu da tsinkakken kuromozom, suka mutu bayan 'yan rabe-rabe. Mai gaggawa zai ce RAD9 kayan gyara ne. Amma da masu binciken suka yi amfani da wani sinadari suka riƙe waɗannan ƙwayoyin da ƙarfi suka hana su rabuwa na ɗan lokaci, sai suka gyara kansu suka rayu. Ashe kayan gyaransu suna nan, abin da suka rasa shi ne mai ce musu su dakata. Daga nan aka fahimci cewa akwai shingayen bincike a cikin zagayen, kuma Hartwell da Hunt da Nurse suka samu lambar Nobel ta fannin likitanci a 2001.

A jikin ɗan Adam, masu fara jin labarin rauni furotin biyu ne, ATM wanda ke amsa kiran tsinkewar zare biyu, da ATR wanda ke amsawa idan kwafi ya cije ya bar zare ɗaya a buɗe. Cikin mintuna suke aika saƙo ta hannun Chk2 da Chk1, su kuma su kashe aikin Cdc25, wanda shi ne mai kunna CDK. Wannan tsayawar gaggawa ce. Tsayawa mai tsawo tana hannun p53, furotin da aka gano a 1979, wanda umarnin ƙera shi ke kan kuromozom na 17. Yadda ake sarrafa shi abin lura ne: ƙwaya tana ƙera p53 ba dare ba rana, wani furotin mai suna MDM2 kuma yana bin sa yana tura shi a rushe, ta yadda kullum ɗan kaɗan ne ake samu. Da zarar ATM ya yi masa alama, MDM2 ba ya iya kama shi, sai ya taru nan take ba tare da jiran a fara ƙera shi daga tushe ba. Idan ya taru sai ya sa a ƙera p21, wanda ke danne CDK, shi kuma furotin Rb ya ci gaba da riƙe ƙofar shiga zangon S a rufe.

Daga nan makomar ƙwayar ɗaya ce cikin uku. Idan raunin kaɗan ne, a gyara, p53 ya ragu, zagaye ya ci gaba. Idan ya daɗe bai gyaru ba, ƙwayar na iya shiga wani irin tsufa inda take raye tana aiki amma ba za ta ƙara rabuwa ba. Idan kuma ya yi tsanani, p53 yana kunna furotin da ke huda ɗakunan samar da kuzari na ƙwayar, sai ta yayyanka DNA ɗinta da kanta, ta tsuke, maƙwabta da sojojin jiki su haɗiye ta ba tare da kumburi ba. Wannan mutuwa bisa tsari ba asara ba ce a wurin jiki, domin yana da ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30 kuma yana iya maye gurbin mafi yawansu. Giwayen Yankari ma hujja ce a kan haka. Giwa ta ninka mutum yawan ƙwayoyi nesa ba kusa ba, tana kuma yin shekaru 60 ko fiye, don haka bisa lissafi ya kamata kansa ta addabe ta, amma ba haka ake gani ba. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna giwar Afirka tana da kwafin umarnin p53 kusan 20 a kowane rabi na gadonta a inda mutum ke da ɗaya, kuma ƙwayoyinta sun fi namu saurin kashe kansu idan aka raunata DNA ɗinsu.

To ga amsar tambayarki ta farko. Kafin ƙwaya ta zama kansa sai sauye-sauye da dama sun taru a zuriyar ƙwaya guda, wasu su tura ta rabuwa ba tare da an umarce ta ba, wasu su rushe shingayen, kuma hakan kan ɗauki shekaru masu yawa, shi ya sa yawancin kansa cutar manya ce. Masu tsaron kuma bibbiyu muke da su, na uwa da na uba. Alfred Knudson ya hango wannan a 1971 daga kansar ido ta yara, wadda ke fara bayyana da farin ƙyalli a tsakiyar baƙin ido: yaran da suka gaji kwafi ɗaya na Rb a lalace kan kamu da wuri kuma sau da yawa a ido biyu, domin bugu ɗaya ya rage musu, waɗanda ba su gada ba kuwa kan kamu a ido ɗaya kuma a makare. Shi kuwa p53 ana samun sa a lalace a kusan rabin dukkan kansar ɗan Adam.

Abubuwa biyu da ke kai wa waɗannan masu tsaro hari kai tsaye sun shafe mu a wannan yanki. Na farko ƙwayar cutar HPV ce, wadda ke ƙera furotin E6 mai sa a rushe p53 da E7 mai ɗaure Rb, wato ba ta ma jiran sauyin gado, cire masu gadin take yi domin ƙwayar bakin mahaifa ta ci gaba da kwafi ta kwafa mata nata DNA ɗin. Nau'i na 16 da na 18 su ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa, kuma rigakafin da Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 yana tare su.

Na biyun yana cikin rumbu da buhu. Fumfunar da ke kama gyada da masara idan ba su bushe sosai ba tana fitar da guba mai suna aflatoksin. Hanta ce ke karɓar gubar, kuma a ƙoƙarinta na sarrafa ta sai ta mayar da ita wani sinadari da ke manne wa harafin G. Idan aka yi kwafi kafin a cire shi, G ɗin kan koma T. A 1991 aka gano cewa kansar hanta daga yankunan Sin da kudancin Afirka inda wannan guba ta yi yawa tana yawan ɗauke da sauyi iri ɗaya a wuri ɗaya, gurbi na 249 na umarnin p53, har ya zama ana gane sawun gubar da shi. Idan mutum yana kuma ɗauke da ciwon hanta nau'in B, hantarsa kullum cikin mutuwa da sake rabuwa take, kwafi ya yawaita, lokacin gyara ya ragu, haɗarin ya ninku sau da yawa fiye da na kowane ɗayansu shi kaɗai. Suya da dafuwa ba sa kashe gubar, don haka gyadar da aka tsince saboda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci bai kamata a mayar da ita ƙuli-ƙuli ko a zuba wa dabbobi ba. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona domin fumfuna marar guba ta rigayi mai guba kama wuri, allurar ciwon hanta kuma tana cikin rigakafin jarirai tun 2004. Mutane kan tambaye ni game da ƙarafan sabis da wayar hannu, alhali siginarsu ba ta da ƙarfin da zai tsinka DNA kamar yadda hasken gashi ko na hoton ƙashi ke da shi. Da za a mayar da rabin wannan fargaba kan yadda ake shanya amfanin gona a ƙasa bayan ruwan ƙarshen damina, da an fi cin riba.

Tambayarki ta biyu ta kusa amsa kanta. Gashi yana tsinka zare biyu na DNA da gangan, a kowace ƙwayar da hasken ya ratsa, mai lafiya da marar lafiya. Bambancin yana wurin abin da kowace ke yi bayan haka. Lafiyayyar tana da shingayenta, sai ta tsaya ta gyara. Ta kansa ta riga ta rushe wasu daga cikin nata, wanda shi ne ma ya ba ta damar zama kansa, sai ta faɗa zangon M da kuromozom a tsintsinke, 'ya'yan da ta haifa su kasa rayuwa, daidai da abin da ya sami yis ɗin da ba shi da RAD9. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ba da gashin a zama ɗaya: akan raba shi kaɗan-kaɗan, galibi kwana 5 a mako na tsawon makonni, domin naman da ke kewaye ya samu awoyin gyara tsakanin zama da zama, shi kuma ƙarin kansar ɓarnar ta riƙa taruwa masa. Magungunan kemo, wato na kashe ƙwayoyin kansa, da dama haka suke aiki. Cisplatin yana ɗaure zaren DNA da juna, vincristine kuma yana hana zaren da ke jan kuromozom haɗuwa, sai ƙwayar ta maƙale a zangon M ta mutu. Olaparib, wanda aka amince da shi a 2014, ya fi su dabara: yana toshe wata hanyar gyara mai suna PARP, ƙwayoyin jiki su koma ga hanyar BRCA su tsira, ƙwayar kansar da ta rasa BRCA kuwa ta rasa mafita.

Ba zan ɓoye miki cewa lissafin bai cika tafiya sumul ba. Ƙarin da ya rasa p53 yana iya ƙin mutuwa bisa tsari, don haka wani lokaci rushewar da ta sa shi rauni ita ce kuma ke sa shi taurin kai, yayin da kansar maraina, wadda galibi p53 ɗinta lafiya yake, take cikin masu saurin warkewa da cisplatin. Haka kuma zarginki yana da tushe: gashi da wasu magungunan kemo suna ɗan ƙara haɗarin wata kansar daban bayan shekaru, domin wata lafiyayyar ƙwaya na iya yin gyara marar kyau ta rayu. Likita yana auna wannan ƙaramin haɗari na nesa da cutar da ke gabansa, yana kuma saita hasken ya taru a kan ƙarin gwargwadon iko.

Wannan ilimin zai yi miki amfani a ɗakin majinyata, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe kika samu kanki ko a na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. Zubewar gashin kai da gyambon baki da gudawa da ƙarancin jini duk daga wuri ɗaya suke: saiwar gashi da fatar cikin hanji da ɓargo su ne sassan da suka fi yawan rabuwa, fatar hanji ma cikin kwana 3 zuwa 5 take sabuntawa. Fararen ƙwayoyin jini kan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, shi ya sa zazzaɓi a wannan tsakanin lamarin gaggawa ne, kuma shi ya sa ake auna jini kafin kowane zagaye. Hasken gashi ya fi ɓarna a inda oksijin yake, don haka ake kula da ƙarancin jinin mai kansar bakin mahaifa kafin gashi da lokacinsa. Majinyacin da ya taso daga Dukku ko Misau, kuɗin mota ko na masauki ya yanke masa, yana iya ganin hutun mako ɗaya ba komai ba ne, musamman idan ƙarin ya fara raguwa. Ki bayyana masa da 'yan'uwansa cewa ƙwayoyin da suka tsira suna ƙara saurin rabuwa a tsakiyar magani, kuma a kansar bakin mahaifa ana so a kammala gashin gaba ɗaya, na waje da na ciki, cikin kimanin mako 8.